Kare manhajar saƙonni da gwanjon talla a Yamai

Ƙanena, ka ce ka ƙera manhajar saƙonni wadda 'yan kasuwar Yamai za su yi gwanjon gurbin talla a cikinta, kana neman takardar mallakar ƙirƙira kafin wani ya kwafe.

Gwanjon talla ba sabo ba ne. Kamfanin GoTo na Amurka, wanda ya koma Overture, ya fara shi tun 1998, har ya kai Google kotu a 2002 kan takardar mallakar wannan ƙirƙira, aka sasanta a 2004. Wannan gonar an riga an nome ta.

Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka mai ƙasashe 17, hedikwatarta a Yawunde. Dokar OAPI ba ta ɗaukar tsurar manhaja a matsayin ƙirƙira. Haƙƙin mawallafi ne ke kare lambobin manhajar da ka rubuta, sai ka tuntuɓi BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, nan Yamai. Suna da tambari kuwa ka yi musu rajista a OAPI, shekara 10 ana sabuntawa. A ganina nan ya kamata kuɗinka su fara tafiya.

Kuskuren da na fi gani shi ne baza sirrin aiki a WhatsApp, ko ɗaukar abokin aiki babu rubutacciyar yarjejeniya. In kana ganin akwai sabuwar dabarar fasaha a ciki, ka nuna wa lauyan da OAPI ta amince da shi kafin kowa ya gani.