Kada ka shanya ɗanyen katakon nan a rana, ƙanena

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa ka sayo katakon ofram da na odum sabon yanka, aikin ƙofofi da gado ne na gidan amarya, biki ya matso, kuma kana son sanin ko ka baza katakon a rana ko ka jingine shi kusa da tanderun mai burodin unguwarku don ya bushe da wuri. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin wannan aikin ne ya kusa raba ni da sana'ar kafinta gaba ɗaya. Na ga wasu a ƙarƙashin tambayarka suna ce maka "rana ce magani, juya shi kawai safe da yamma". Don Allah kada ka bi wannan. Tanderun burodi kuwa ma kada ka sake kawo zancensa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ka saka ɗanyen falanki a rana, fatar waje ce take bushewa ta tsuke, cikin kuwa yana nan jiƙe bai motsa ba. Waje na ja, ciki ya ƙi bi, sai fuskar ta tsattsage. Fuskar da ta kalli rana ta fi ta ƙasa tsukewa, sai falankin ya kwarɓe. Mafi muni shi ne wanda ba ka gani: sama sumul, ka taɓa ka ji kamar ya bushe, ka sa a inji ka tsaga sai ya matse zarto ko ya buɗe ya lanƙwashe a hannunka. Ƙwanƙwasa shi da yatsa ba ya gaya maka komai a kan abin da ke ciki.

Ni irin wannan katakon aka sayar mini. Wani dillali ne, ba zan faɗi sunansa ko layinsa ba, Allah ya san shi. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya, wanda na je sunan ɗansa. Na ce masa aikin kayan ɗakin amarya ne, 'yar wani dattijo a unguwar Aboabo, nan Kumasi, da nake jin nauyinsa kamar mahaifina, ina son busasshe ko da zai fi tsada. Ya dafa ƙirji ya ce tun bara yake ajiye. Ashe abin da ya yi, ya baza ɗanyen kaya a filin bayan rumfarsa har fuskar ta yi fari, ya sa aka bi ta da randa, abin nan na fere fuskar katako ta yi sumul, ya jera a cikin rumfa ya bar ƙura ta hau. Ya karɓi kuɗin busasshe cif, har da cewa don ni ne ya rage.

Na yi gado, na yi wadirob, na yi ƙofofi. Aiki ya fito, fenti ya kwanta, mata suka yi guɗa da aka sauke daga aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Hunturu na shigowa sai ga yaro an aiko, wai Baba na kira. Ƙanena, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Na shiga ɗakin, uwar amarya na tsaye, ƙannen babanta mata na zaune a kan tabarma, ba wadda ta amsa gaisuwata da kyau. Ƙofar wadirob ta murɗe, sama na rufe ƙasa na buɗe, har kana hango zannuwa a ciki. Allon kan gado ya tsage daga sama zuwa tsakiya, tsagar da na sa ɗan yatsana ya shige. Inda na haɗa da gam ya rabu, fenti ya bi layin ya fashe. Wata tsohuwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce ɗan gida ne, shi ya sa ba mu kai wa Asantawa ba." Dattijon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Malam, duba ka gani," ya juya ya fita. Har yau in na wuce ƙofar gidan sai na ji ƙafata ta yi nauyi.

Na koma wurin dillalin da guntun allon a hannu. Ka san abin da ya ce? Wai hunturun bana ne ya yi tsanani, wai ni ne ban iya haɗi ba. A gaban yaransa! Ni da nake riƙe da zarto tun muna unguwar Anloga kafin a taso mu kafintoci zuwa kasuwar katako ta Sokoban. Ko sidi ɗaya bai mayar ba. Da kuɗina na sake aikin, na ci bashi, na sayar da babur ɗina. Yanzu in mun haɗu a masallaci shi ne mai fara miƙo hannu yana murmushi, kai ka ce babu abin da ya faru. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba, kuma ba zan ce na manta ba.

To, mu dawo kanka. Abin da ke busar da katako lafiya iska ce mai wucewa, ba zafin rana kai tsaye ba. Ka nemi wuri mai rufin kwano wanda gefensa a buɗe yake. Ka sa bulo, ka ɗora manyan sanduna a kai, ƙasan jerin ya tashi daga ƙasa kamar tsayin gwiwa, don danshin ƙasa kada ya hau, gara ma kada ta samu hanya. Ka tabbatar gindin ya daidaita da lebur, domin duk karkatar da ke ƙasa falanki zai ɗauke ta ya bushe da ita. Sai ka jera, tsakanin kowane layi da na samansa ka sa siraran sanduna masu kaurin inci 1, tazarar kamar ƙafa 2 tsakaninsu, in falankin siriri ne ka matso da su. Sandunan nan su zama busassu, kaurinsu ɗaya, kuma kowace ta hau daidai kan ta ƙasanta, ka tsaya a gefe ka ga layi miƙe daga ƙasa har sama. Yara ba sa kula da wannan, sai ka tsaya a kansu. Ka bar ɗan fili tsakanin falanki da falanki, ka sa sanda dab da bakin kowane ƙarshe, sannan ka danne saman da bulo masu nauyi.

Bakin katako, yau ɗin nan ka shafe shi. Ta baki ruwa yake fita da gudu, ya ninka na gefe sau goma ko fiye, shi ya sa tsagewa take farawa daga can. Ragowar fentin mai da ke shagonka ya isa, ka shafa da kauri, ko ka narka kyandir. In ka ga bakin ya riga ya fara tsagewa, yanke wurin tukuna sannan ka shafe, in ba haka ba tsagar za ta ci gaba da tafiya.

Kana son sauri? Fanka. Ka sa fanka ta tsaye a gefen jerin tana hura iska ta ratsa tsakanin layukan, ka riƙa canza mata gefe. Wannan kaɗai ya fi duk dabarun da aka rubuto maka. Ofram yana ɗaukar fanka tun farko, katakon wawa ma haka, don suna sakin ruwa da sauƙi. Odum mai kauri kuwa ka bar shi ya huce a inuwa tukuna kafin ka matsa masa. Kuma kada ka haɗa inci 1 da inci 2 a jeri ɗaya, ba tare suke bushewa ba. In ka san ma'aunin aikin, ka tsaga katakon kusa da girman da za ka yi amfani da shi tun yanzu, ka bar rara saboda tsukewa da randa. Siriri ya fi saurin bushewa nesa ba kusa ba, kaurin da ya ninka biyu lokacinsa ya wuce ninki biyu.

Wawa da ofram kuma suna da wata masifar: in suka kwana jibge a kan juna cikin damina, sai baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗin nan na fumfuna ya shige su, randa ba ta cire shi. Ga ƙwarin da ke huda suna zubo gari. Shi ya sa ba a jinkirta jerawa. Masu hali suna tsoma shi a ruwan boras, maganin ƙwarin katako, tun yana ɗanye. Ni dai na fi tsoron jibgewa da rufe shi da leda, wanda na ga mutane suna yi wai don kada ruwan sama ya taɓa. Leda tana riƙe gumi, kashe katako ne. Rufi a sama, gefe a buɗe.

Wata magana da ba ka tambaya ba amma ita ce tushe. Yawancin abin da ake kawo mana yankan injin hannu ne daga daji, wanda dokar Ghana ta hana sayarwa tun 1998 amma kowa ya san shi ya cika kasuwa. Falanki ɗaya gefen nan inci 2, gefen can ya ragu. Irin wannan ko ka jera shi yadda ya kamata ba ya kwanciya daidai a kan sanduna. Ka fara kai shi inji a daidaita kaurin. Kuma ka duba bakinsa, duk wanda zuciyar itacen ta bi ta cikinsa ka ware shi, zai tsage ko me ka yi masa. Shi dillalin nan nawa rabin abin da ya ba ni irin wannan ne, ya juya bakin ciki don kada in gani. Kai, Allah ya isa.

Yanzu ta yaya za ka san ya bushe? Akwai ɗan na'urar auna danshi mai allura biyu, ka saya ko ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka na layi. Amma kada ka soka a fuska ka ce shi ke nan. Ka yanke falanki ɗaya nesa da baki, ka soka a tsakiyar yankan. In babu na'ura, sikeli ya isa. Ka zaɓi guntu ɗaya daga cikin jerin, ka shafe bakinsa, ka auna ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ka mayar. Ka riƙa aunawa lokaci-lokaci. Muddin nauyi na raguwa, ruwa na fita. Ranar da ya tsaya cak, ya kai iyakar abin da iskar wurin za ta iya.

Kuma ka gane, iyakar iskar Kumasi ba ta kai ta kayan ɗaki ba, musamman a damina. Katako ba ya fara tsukewa sosai sai danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100, daga nan ne wasan yake farawa. Shanya a inuwa a nan garin yakan tsaya sama da abin da ake so, alhali gado da wadirob suna son wajen kashi 12, ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma ƙasa da haka. In kuwa kayan arewa za su tafi, Tamale ko Bolga ko Bawku, to sai ka ƙara tsananta, don iskar can ta fi bushewa. Na ga teburin da ya zauna lafiya a nan, aka kai shi can ya buɗe baki.

Wanda ke son ya wuce wannan iyakar sai ya yi ɗakin busarwa mai aiki da rana. Ba wani abin tsoro ba ne: ɗan akurki na katako, rufin leda mai kauri ko roba mai haske, a shafe ciki da baƙin fenti, kwano baƙi a saman jerin don rana kada ta taɓa katakon kai tsaye, fanka ta riƙa juya iskar, da 'yan tagogi da za ka buɗe danshi ya fita. Da dare ya huce, danshin ciki ya fito fuska, shi ya sa ba ya lalata kaya. Mutanen cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua sun san wannan aikin, ba nisa, ka je ka yi tambaya. Manyan injinan da ke fitar da katako waje suna da tanderun busarwa na gaske, ka bincika ko akwai mai karɓar na mutane a biya shi.

Amma gaskiyar da zan gaya maka a matsayin yayanka: in biki saura 'yan makonni, odum mai inci 2 da aka yanka kwanan nan ba zai bushe ba, ko ka sa fanka goma. Ofram siriri wataƙila ya yi, a bayan wadirob da ƙasan gado inda ido ba ya kaiwa. Ƙofofi da allon kan gado ka nemo busasshe na gaske, ka je da na'ura da zartonka, ka ce a yanka ɗaya a gabanka. Wanda ya ƙi, ka juya, ko ɗan uwanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ɗanyen ka jera shi ya jira aiki na gaba, ba asara ba ce. Kuma ka je ka samu mai aikin tun yau ka gaya masa kuɗin zai ƙaru da dalili. Zai ɓata rai, zai ce wane ya ce zai yi a ƙasa da haka. Bar shi ya ɓata. Na san yadda masu ba da aiki suke, su ne masu matsa maka "Sallah ta zo, biki ya zo", kuma su ne farkon masu kiran sunanka a zongo in ƙofa ta ƙi rufuwa.

In dole sai ka haɗa da wanda bai gama bushewa ba, to allon tsakiyar ƙofa kada ka sa masa gam ko ƙusa, ka bar shi yana yawo a cikin ramin firam, ka shafa fenti ciki da waje har da baki na sama da na ƙasa. Ka turo hoton bakin falankin da kaurinsa, in gani in gaya maka wanda za ka ware. In kana kusa ma ka shigo Sokoban bayan la'asar, ka zo da guntu ɗaya mu soka masa na'ura.