Haɗa waya da rediyon mota

Malam, ka ce rediyon Golf ɗinka ba shi da Bluetooth. Fara duba ko yana da ramin AUX, irin na iyafis. In akwai, igiya ɗaya ta ishe ka, sautinta ma ya fi tsabta.

In babu, leƙa shagunan PZ a Zariya ko kasuwar Sabon Gari ka nemi 'yar na'urar FM da ake sokawa a ramin kunna sigari. Haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, sannan ka ɗora ta da rediyon kan lamba ɗaya wadda babu tasha a kai, can ƙasa wajen 87.5. Tawa ta yi ta shuuu kafin na gane haka.

Don Allah gwada ta a motarka kafin ka biya.