An riƙe fanshon Baba kan zargin ɓatan kaya

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya yi shekara 35 yana aikin gwamnatin tarayya nan Legas, sito yake riƙewa, bara ya yi ritaya lafiya lau har da walima. Sai ga shi wai masu binciken kuɗi sun ce akwai kayan da ba a gani ba a zamaninsa, shi ke nan aka ƙi sa hannu a takardunsa, ko sisi bai shigo ba, kullum yana hanya daga Agege da fayil a cikin leda. Ba wanda ya taɓa kiransa ya ji ta bakinsa. Don Allah suna da ikon yin haka?
Daga wata ƴar'uwa, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba haƙuri, wallahi abin ya taɓa min zuciya. Fansho ba kyauta ba ce, guminsa ne. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a riƙe haƙƙin ma'aikacin tarayya ko a rage masa shi sai iya abin da wata doka ta yarda, sashe na 210 kuma shi ya kare ma'aikatan jiha. Ke nan ogan ofis ba zai tashi da safe ya ce a tsayar ba, sai ya nuna dokar da ya dogara da ita.

Inda kika ce ba a kira shi ba, nan ne ƙarfinku yake. Zargi daban, laifin da ya tabbata daban. A ƙa'idar aikin gwamnati sai an ba mutum kweri, wato takardar tuhuma, a rubuce, ya amsa, an zauna an saurare shi, sashe na 36 ma ya ba kowa wannan haƙƙin na a ji ta bakinsa, to wanda ya yi shekara 35 ba a kore shi ba har aka ba shi takardar ritaya, ta ina za a hukunta shi a bayan idonsa? Kora ce ke iya cinye haƙƙin mutum, Baba kuwa ba korarre ba ne. In da gaske suna da hujja, hanyar kotu a buɗe take.

Kuma tunda bara ya ajiye aiki yana cikin sabon tsarin fanshon nan da aka fara a 2004, kuɗin na asusun da ke ɗauke da sunansa a kamfanin fansho, ba a ofis ba. Ku je can ku karɓo bayanin asusun. Na shekarun kafin 2004 shi ne gwamnati ke biya ta hannun PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, shi ma ku tambaya ko an tura sunansa.

Baba ya daina zirga-zirgar baki, ya rubuta wasiƙa yana neman dalili a rubuce, a buga masa hatimi a kwafinsa. In sun yi gum ku kai ƙorafi PenCom da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wannan kyauta ce. In bai yi ba ku nemi lauya ku tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, ita ke da hurumin shari'ar fansho, kar ku ja lokaci. Kuma don Allah kar Baba ya sa hannu a kowace takarda ta amsa laifi don a sakar masa kuɗi, sai lauya ya karanta tukuna.