Amsa kan haɗa baƙin tiyo da tsohon galba

Wani ɗan zauren nan daga Garin Malam ya yi tambaya: zai ɗora tanki a gidansu, daga konta, wato mitar ruwa, baƙin tiyon roba ne, cikin gida kuma tsohon galba ne, wato tiyon ƙarfe, an ce masa ya gasa bakin tiyon a wuta ya cusa ya ɗaure da robar taya. Wani dattijon mai gyaran famfo ya amsa da murya. Ga ta a rubuce saboda waɗanda ba su iya buɗe ta ba.

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da yamma, ya zafi. Ƙanena na Garin Malam, na saurari muryarka. Wanda ya ce ka gasa tiyo ka ɗaure da roba, ba mugunta ya yi maka ba, abin da ya gani ana yi ne. A garka in ana ban ruwa sai a yi haka a wuce, don can bakin tiyo a buɗe yake, ruwa zuba kawai yake yi. Amma a gida, bayan konta, kar ka yi. Kai ka san halin ruwan Damagaram. Daga nesa ake turo mana shi, su Gogo da Machaya, su Arunguza da Ganaram, wani lokaci a yini ba ɗigo, tiyo ya cika da iska, can cikin dare ya dawo da ƙarfi yana tari yana bugun robine. Wannan bugun shi ke fizge haɗin roba, kuma lokacin kowa na barci. Da safe tsakar gida ta zama tafki, konta kuwa ta kwana tana juyawa, kai za ka biya.

To bari in faɗa maka abin da nake fara koya wa yaran da ke bi na aiki. Duk haɗin da ake ɗaurewa da kile, wato sifana, abu biyu ne a cikinsa: akwai mai riƙe tiyo kar ya fita, akwai mai tare ruwa kar ya zuba. Ba ɗaya ba ne. Yawancin ɓarnar da ake kirana in gyara, mutum ya ga ɗigo sai ya ƙara ƙarfi a wurin riƙewa, alhali matsalar tana wurin tarewa. Ya yi ta murɗa har rakor, wato mahaɗin tiyo, ya tsage.

Mu fara da baƙin tiyon. Shi wannan mai zanen shuɗi a jiki, na ruwan sha, gam ba ya kama shi ko kaɗan. Gam ɗin da kake gani a kankayeri, wato shagon kayan gini, na tiyon PVC ne. Abin da za ka saya shi ne rakor na matsi, mai baki shuɗi. Ka karanta jikin tiyonka tukuna, za ka ga an rubuta 20, ko 25, ko 32, kaurinsa ke nan ta waje a milimita, da kuma PN10 ko PN16, wato ƙarfin ruwan da yake ɗauka. In 25 ne, abokinsa a galba shi ne 20/27, wanda ƴan Najeriya ke ce wa kwata uku na inci. In 20 ne, 15/21, rabin inci. In 32 ne, 26/34, inci ɗaya. Ka yanki guntun tiyon ka sa a aljihu in za ka kasuwar Dole, ya fi gardama da mai shago.

In ka kwance rakor ɗin za ka ga farin zobe mai haƙora, shi ke cizon tiyo, shi ne mai riƙewa. Can ciki kuma akwai baƙin zoben roba, juwan, shi ne mai tarewa. Ka yanka tiyo daidai, ba karkace ba. Ka sa wuƙa ko magagari ka fere bakin kaɗan ta waje, don in ka bar shi da kaifi zai ture juwan ɗin ko ya yanke shi. Ka auna zurfin rakor, ka yi alama a jikin tiyo. Ka shafa ruwan sabulu, ban da man mota. Sai ka tura. Yawwa, a nan ake faɗuwa: za ka ji ya tsaya, ka ce ya kai. Bai kai ba, juwan ne ya tokare shi. Ka ƙara turawa har ya wuce, ya je ya bugi ƙarshe, alamarka ta zo bakin rakor. Sannan ka ɗaure da hannu iya ƙarfinka, ka ɗan ƙara da kile. Ba a sa teflon, wato farin zaren roban da ake naɗawa don tare ruwa, a wannan noti, ba shi da aiki a wurin.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, shi ne rana. Baƙin tiyo yana miƙewa in ya yi zafi, kusan milimita 0,2 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka lissafa: mita 50, bambancin digiri 20 tsakanin azahar da asuba, santimita 20 ke nan. In ka shimfiɗa shi da rana tsaka a watan Afrilu ka ja shi tsaf ka ɗaure, da dare zai tsuke ya ja rakor. Ka bar shi ya ɗan yi lanƙwasa cikin rami, ka yi haɗin da sanyin safiya ko da yamma. Garin nan kuma bisa dutse yake, in ka haƙa ka tarar da tsakuwa mai kaifi, ka zuba rairayi ƙasa da bisa kafin ka rufe.

Yanzu ɓangaren galba. Shi haƙori ake yi masa, irin na noti da ake murɗawa. In bakin tsohon tiyon yana da haƙorinsa kuma bai rube ba, ka goge shi da buroshin ƙarfe ka yi amfani da shi. In ya ci tsatsa, a yanke da zarto a koma inda ƙarfe yake da rai, a sa filiyar, wato abin yanka haƙori, a fidda sabo. Filiyar ba abin saya ba ce don aikin yini ɗaya, ka kira mai ita. Amma ka tsaya ka ga yana zuba mai, yana yin gaba yana ɗan dawowa baya don ɓarɓashin ƙarfe ya karye. Wanda ya murɗa a bushe, haƙoran za su fito a tsattsage, ko buhun teflon ka naɗa ba za su tare ruwa ba. Ka kuma sani, filiyar tana kankare farin rufin da ke kare ƙarfen, shi ya sa galba daga wurin haƙori yake fara ruɓewa. Abin da ya rage a waje bayan an ɗaure, a shafa masa fenti.

A haƙori, teflon ko filas, wato zare irin na rama, shi ne mai tarewa. Ka juyo bakin tiyo yana kallonka, ka naɗa yadda hannun agogo ke tafiya, wato yadda rakor zai shiga. In ka naɗa baibai, yana shiga yana warware shi. Ka bar haƙorin farko tsirara don kar guntaye su shiga su toshe robine. Ni dai a galba na fi son filas da man shafawarsa, don in ya jiƙe kumbura yake yi, kuma yana yafe maka in ka ɗan dawo baya don daidaita fuskar rakor. Teflon ba ya yafiya, in ka dawo baya sai ka kwance ka sake. Kile kuma biyu ake sa wa, ɗaya ya riƙe tiyon da ke cikin bango, ɗaya ya murɗa. Na sha ganin an murɗa da kile ɗaya, haɗin da ke cikin siminti ya motsa, an gyara ɗigo ɗaya an haifi wani a inda sai an fasa bango.

Inda roba za ta gamu da ƙarfe, ka nemi rakor mai namijin haƙori na roba, ya shiga cikin manshon na ƙarfe, wato gajeren mahaɗi mai macen haƙori. Kar ka yi akasin haka. Haƙorin galba yana ƙara kauri yayin da yake shiga, kamar tsinken da ake fasa itace da shi, in ya shiga macen roba sai ya tsaga ta, wani lokaci ba ranar ba, sai bayan kwanaki.

Sai abin da nake roƙon kowa ya sa, kuma kowa ke ƙyashin kuɗinsa: rakor iniyon, mai ɓangare uku. Ka sa ɗaya a gindin tanki, ɗaya kusa da injin tura ruwa in za ka sa, kowanne da makullin ruwa, wato ban, a gabansa. Ruwanmu yana zuwa da yashi, dole wata rana ka wanke tanki ko ka cire inji. In akwai iniyon, noti ɗaya za ka kwance. In babu, zarto. Shi ma juwan ɗin da ke tsakiya ne mai tarewa, in yana ɗigo juwan za ka canza. Ka kuma sa kalape, mai hana ruwa komawa, bayan konta, kibiyar jikinsa tana kallon gida, don in an ɗauke ruwa kar abin da ke cikin tiyonka ya koma layi. Daga konta zuwa titi kuwa na kamfanin ruwa ne, kar ka taɓa, in da matsala can ka je ka sanar da su.

Wani ya tambaya kwanaki kan koren tiyo na PPR. Wannan narka shi ake yi da inji a digiri 260, yana da kyau cikin bango, amma ba ya kwantuwa, zance ne na daban.

Gwaji kuma kar ka yi shi da ruwan tanki. Da bar ake auna ƙarfin ruwa, kuma tsawon mita 10 ne ke ba da bar ɗaya, tankin da ke bisa mita 5 rabin bar kawai zai ba ka, kowane haɗi zai yi kamar lafiya lau. Ka bar ramin a buɗe har ruwan layi ya zo da ƙarfinsa na dare. Ka rufe duk robine, ka goge kowane haɗi ya bushe, ka naɗa masa takarda, ka rubuta lambar konta. Da asuba ka duba takardun, ka duba lambar. In komai na nan yadda ka bar shi, sai ka rufe rami.

Ka turo mini hoton bakin galban nan da rubutun jikin tiyon, in gaya maka ko za a yi sabon haƙori ko na da zai yi. Ka gaida mutan gida. Sai an jima.