Amsa: Gwajin Estrogen a Fitsari, Shin Yana Da Inganci?

Salam 'yar uwa, kin ce likita ya rubuta miki gwajin estrogen (sinadarin jikin mace da ke daidaita al'ada da haihuwa) na fitsari kina tunanin ko na jini ne kawai sahihi. Kwantar da hankalinki, shi ma yana aiki. Hanta ce take sarrafa sinadarin sannan koda ta fitar da shi ta fitsari, to ragowar nan ake aunawa.

Amma fa tarin fitsarin shi ne wajen da mutane suke kuskure, in na awa 24 ne to na farkon safiya ki zubar ki rubuta lokacin, daga nan duk wanda kika yi ki tara a robar da suka ba ki har na washegari da safe daidai wannan lokacin, ki ajiye a wuri mai sanyi, in kika manta ko sau daya sakamakon zai sauka kasa. Kar kuma ki dinga dirkar ruwa fiye da yadda kika saba.

Don Allah ki fada wa likitan ranar da al'adarki ta fara, saboda estrogen yana hawa sosai gab da sakin kwai. In kina shan maganin tazarar haihuwa ma ki fada masa.