Amsa: wane ƙarfe ya dace da shasin motar haɗin gida?

Ɗan uwa, ka tambayi ƙarfen da za ka saya don haɗa shasin ƙaramar mota mai kujera biyu, mai aminci kuma mai sauƙin kuɗi. Kafin maganar ƙarfe, fara samo tsohuwar motar da za ka ciri inji, giyabos, sitiyari, birki da ƙafafu. Su za su ba ka tsawo da faɗi. Wanda ya fara walda bai auna su ba, yanka zai yi ta yi daga baya.

Ƙarfin shasi a tsari yake, kauri kaɗai nauyi ya fi ƙarawa. Bututun baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 25 da 25, kaurin jiki 1.6, ya ishi mota marar nauyi, muddin ka ratsa kowane gida mai kusurwa huɗu na shasin da bututu a karkace ya koma alwatika biyu. Gidan da aka bari haka nan a mahaɗa yake lanƙwashewa, mota ta riƙa murɗewa a kwana, walda ta fara tsagewa. Ɗakin inji da wurin zama sun fi rauni, don samansu a buɗe yake. Haɗa ƙaramin samfuri da siraran itace da gam, ka murɗa shi da hannu, nan take za ka ga inda ke buƙatar tokara.

Yi aikin a kan tebur shafaffe, ka ja layi a tsakiya. Ɗiga walda kawai a kowace mahaɗa, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, awon ya zo ɗaya. Sai ka cike waldar kana sauya gefe, dama sannan hagu, domin zafi yana jan ƙarfe. Injin MIG, mai walda da waya da gas, ya fi dacewa, waldar sanda tana huda bututu siriri. Ka guji bututun ruwa mai rufin zinki, hayaƙinsa guba ne, waldarsa kuma tana fitowa da ramuka.

Kunnuwan da ƙafa da shokozoba za su kama, a yi su da farantin milimita 3, a ɗora su daf da mahaɗa. In an ɗora su a tsakiyar bututu, lanƙwasa shi za su yi. Duk inda ƙusa za ta ratsa bututu, walda ɗan guntun bututu a cikin ramin, in ba haka ba ɗaurin noti zai matse shi ya saki. Ƙusoshi kada su gaza lamba 8.8, wato lambar ƙarfi da ake bugawa a kansu.

Don Allah, kada ka yi tsimi a kan baka mai kare kai idan mota ta kife. Bututu zagayayye marar ɗinki, milimita 45, kauri 2.5, a lanƙwasa da inji, ya ɗara kan direba, da tokara biyu ta baya. Bel ɗin kujera a jikin shasi ake ɗaure shi. Sandar sitiyari ta zama mai nitsewa in an yi karo, a kuma raba tankin mai da mutane da farantin ƙarfe. Kada ka shafa fenti sai ƙwararren mai walda ya duba kowace mahaɗa, don fenti yana ɓoye tsaga.