Tambaya da Amsa: Sauya Gas ɗin AC na Tsohuwar Marsandi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Marsandi 230E ƙirar 1984 wadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau injinta lafiya lau yake, sai dai AC ɗinta ya daina sanyi. Mai gyara ya ce gas ɗinta na asali, R12, ba a samunsa yanzu, amma zai ɗura mata R134a nan take in kama hanya. Wani kuma ya ce kada in kuskura, kwamfiresa za ta lalace. Ina mafita kafin bazara ta kankama? Daga mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya kai haske kabarin mahaifi. Ana iya mayar da motarka kan R134a, amma ba ta hanyar ɗurawa nan take ba, domin tsoron da mutum na biyu ya nuna yana da tushe.

An daina R12 ne saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, masu arzikin masana'antu suka daina sarrafa shi daga 1996, masu tasowa irin Najeriya kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Don haka duk tukunyar da aka nuna maka yau a kasuwa da sunan R12, ka ɗauke ta da shakku.

Asalin matsalar tana wajen mai. Kwamfiresa, wato famfon da ke matsa gas yana tura shi cikin bututun AC, ba ta da wurin ajiyar mai mai yawa kamar injin mota. Gas ne ke ɗaukar man yana zagayawa da shi cikin bututu har ya dawo mata. Man da R12 ke aiki da shi man ma'adinai ne, shi kuwa R134a ba ya gauraya da shi, saboda haka idan aka ɗura sabon gas a kan tsohon mai, man zai kwanta a kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke fitar da zafin gas, da sauran lunguna, kwamfiresa ta yi ta juyawa a bushe. Ranar farko za ka ji sanyi, bayan wani lokaci ƙara ta fara tashi, daga nan ta cije, ɓarɓashin ƙarfe ya bi bututu ya gurɓata komai. Abin da ya dace shi ne a kwance kwamfiresa a tsiyaye tsohon man, a wanke kwandensa da bututu, sannan a zuba man PAG ko man esta da ake kira POE. Ni na fi ba da shawarar esta ga tsohuwar mota, domin yana jure ɗan ragowar tsohon mai da wanki bai fitar ba.

Dole ne a sauya diraya, wato ƙaramar tukunyar nan da ke kusa da kwandensa wadda ke tsotse danshi, a kuma sauya duk zoben robar da ke mahaɗar bututu da irin korayen nan da aka yi domin R134a. Tiyon da ya haura shekara arba'in ma abin dubawa ne, kuma ka tuna cewa gas ba ya ƙarewa da kansa: tun da ya gudu, akwai inda yake yoyo, sai an gano wurin tukuna. Inda ka ga danshin mai ƙura ta manne a jikin mahaɗa, yawanci nan ne. Bayan an haɗa komai, a janye iska da famfo na aƙalla rabin awa, a tabbatar allurar geji ba ta koma baya ba.

Wajen ɗurawa a yi amfani da sikeli, ba ido ba. Ana zuba kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin R12 da kamfani ya rubuta wa motar, kuma kada a bi kumfar da ke gilashin diraya ana ƙara gas har sai ta ɓace, domin hakan kan jawo cikawa fiye da kima.

Ina so ka san wani abu tun yanzu, musamman da yake a Gombe kake, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40. R134a yana aiki da matsin da ya fi na R12, tsohuwar kwandensa kuma ba ta fitar da zafi yadda yake buƙata. A kan titin Bauchi, iska na kaɗawa, ba za ka ga bambanci sosai ba, amma a cunkoson Tashar Dukku da tsakar rana sanyin zai ragu. Maganinsa shi ne sabuwar kwandensar alminiyam ta zamani, da tabbatar da cewa fankar lantarki ta gaban lagireto tana tashi a kan lokaci, da wanke ƙurar hunturu da ta toshe ramukan.

Kada ka yarda a zuba R22 na AC ɗin gida, matsinsa ya fi ƙarfin bututun mota. Gas ɗin girki kuwa kasada ce da rai. Sabon gas na R1234yf da motocin Turai suka koma kansa yana da tsada, kuma ba shi ne hanyar da aka saba bi da irin motarka ba. Idan an gama aiki, a sa sababbin bakunan ɗura gas, a liƙa takarda a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da sunan gas da irin man da nauyin da aka zuba, domin mai gyaran da zai taɓa ta nan gaba ya san abin da ke ciki.